Laifuffuka Tara na Littafin Mamman Mai Zane

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a farkon shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu, ranar da na tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, takarda a hannu, jama'a sun cika tabarmi, na karanto laifuffuka tara na wani littafi da muryar da nake kiran motoci da ita. Zan faɗi abin yadda ya faru, daki-daki, domin ni ba na son labarin da ake tsallake-tsallake a cikinsa.

A lokacin ni ne mai rubuta layi a tashar manyan motoci da ke bakin iyaka, nan Jibiya, ta wajen Magama. Mota ta iso in rubuta lambarta, idan aka sallami ta gaba in kira mai bi mata. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma rubutuna a miƙe yake, kuma ba a taɓa samun wanda ya tsallake wani a littafina ba, ko da surukina ne. Saboda haka da aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya a unguwarmu sai aka ba ni sakatare. (Ban nema ba. Amma da an ba wani da na ji haushi.)

A bayan tashar akwai rumfar Mamman mai zane, mutumin Maraɗi, magidanci mai 'ya'ya uku. Sana'arsa zanen jikin manyan motoci: zaki, mikiya, giginya, da rubutun da mai mota ya zaɓa. A gefen rumfar ya ajiye talabijin da 'yan bencina, direbobi kan zauna su yi kallo kafin layi ya zo kansu. Da can finafinan Indiya ake sa wa. Kwamitinmu ya kira shi ya ce a daina masu rawa da waƙa, ya daina ba tare da musu ba. Sai ya koma kawo katun na ƙasar Japan, wanda suke ce wa anime, tare da littattafansu na zane, manga, waɗanda aka fassara da Faransanci. Wani ɗan'uwansa ne ke aiko masa da su daga Yamai.

Da farko direbobi sun raina abin, suka ce na yara ne. Ba a yi wata biyu ba sai ga masu gemu sun yi tsit a benci, shayi na hucewa a hannunsu, suna kallon wani mai manyan idanu yana tsalle daga wannan rufi zuwa wancan. Har suka rabu gida biyu. Akwai masu son tsofaffin faya-fayai, masu dishi-dishin launi, suna cewa waɗannan da hannu aka zana su, ana ganin wahalar mai zane a ciki. Akwai kuma masu son sababbi, masu sheƙi da walƙiya. Shugaban masu son tsofaffi shi ne Idi direba, wani dogon mutum mai baki, wanda ke ɗauko albasa daga ƙetare. Ina zaune a teburina ina jin sa yana cewa, "Wanga sabo ba zane ba ne, fenti ne aka watsa. Ku dibi doki, ƙafa huɗu amma ba ya da nauyi." Mutumin da watanni kaɗan baya ba ya da zance sai na 'yan rawar Indiya.

Har masu motoci suka canja. Wanda da zai ce a yi masa zaki, yanzu sai ya ce a yi masa igiyar ruwa mai kumfa, ko dutse da gajimare ya naɗe, irin na cikin littattafan nan. Ina ganin duk wannan ina yin shiru, don bai taɓa layina ba.

Ranar da ya taɓa layina wata Asabar ce. Na kira lambar motar Idi sau uku, ba amsa. Motoci shida a bayansa, rana na dukan albasa. Na tashi da kaina na je rumfar, na same shi kwance a benci, ya kafa hanci a cikin littafi. Ba ya jin Faransanci, zanen kawai yake bi.

Na ce, "Idi, layinka ya zo tun ɗazu."

Ya ce, "Sakatare, ka yi haƙuri, saura shafi huɗu. Ba a barin mutum a irin wanga wuri."

Na koma na ja wa lambarsa layi na mayar da shi ƙarshe, sannan na ɗauko wata takarda na rubuta ƙara zuwa ga kwamiti. Ni na rubuta, ni na karɓa, ni kuma na sa ta a jerin abubuwan da za a tattauna.

A zaman kwamiti wasu suka ce kawai a tashi rumfar, a huta. Shugabanmu, Malam Barau, wani dattijo ne mai sanyin magana, malamin zaure, bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya ce ba za a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, sai wani ya karanta littafin ya kawo bayani. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Aka ba ni mako guda. Aka kuma tsayar cewa idan an sami ɓarna a ciki, za a nemi mai unguwa da shugabannin tasha su tashi rumfar. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga Mamman, domin in babu rumfar babu inda zai jingina tsani ya yi zane, kuma tasha ita ce kasuwarsa.

Na je karɓar littafin, wanda dai na kama Idi da shi. Mai kauri ne, baƙi da fari. Bangonsa ya daɗe da yagewa, Mamman ya yi masa sabo da takardar buhun siminti, gaba da baya iri ɗaya. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, da "Mushe" ɗin nan da masu Faransanci ke girmama mutum da ita, "Mushe Sakatare, bari in gwada maka yadda ake..."

Na ce, "Mamman, ba kai za ka koya mini karatu ba. Kuma daga yau har ranar zama, kada ka yi mini magana a kan littafin nan. Idan lokacinka ya yi za a kira ka."

Ya ce, "To."

Na sa himma irin wadda ban taɓa sa wa wani aiki ba. Kullum bayan azahar, idan motoci suka lafa, in shimfiɗa littafin a tebur, in ɗauko fensir da rula. Rubutun ciki da baƙaƙen boko ne, don haka na buɗe shi kamar yadda na buɗe kowane littafin boko tun ina aji ɗaya. Shafin da na fara cin karo da shi zanen tafin hannu ne a ɗage, da wata kibiya, da rubutu mai manyan baƙaƙe. Na ce a raina, aƙalla suna da ladabin yin sallama. Na wuce.

Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne lambobin shafi. Ba kowane shafi ke da lamba ba, kuma waɗanda ke da ita raguwa suke yi maimakon ƙaruwa. Na yi tsaki na ce maɗaba'ar ba ta san aikinta ba. Na zauna na soke su duka, na rubuta sababbi da fensir, daga ɗaya har ƙarshe. Ban tsaya nan ba, kowane ɗan akwatin zane na sa masa tasa lambar, daga hagu zuwa dama, don kada in ɓata. (Kwana biyu wannan ya ci mini. Na yi alfahari da shi.)

Ga labarin da na gani. Wani saurayi ne mai ladabi, aski tsaf, da tabo a kumatu. Yana durƙusa wa wani tsoho, yana ɗebo masa ruwa, yana nome masa gonar shinkafa, suna da wani ƙaton kare. Na ce to, madalla. Sai kuma na ga yaron ya bar gida, ya shiga duniya cikin tsumma. Gashi ya yi masa buzu-buzu. Ya fara faɗa a kasuwanni, tun ana bugunsa har ya koma shi ke bugun mutane. Kaya masu kyau suka samu. A ƙarshe ya dawo gida, tsohon nan ya miƙa masa kwanon abinci, ya sa ƙafa ya shure. Shafin ƙarshe kuwa fuskarsa ce ta cika shi, yana dariya, haƙora a waje. Nan littafi ya ƙare.

Na rufe, raina a ɓace. Wato abin da ake koya wa mutanenmu ke nan: ka yi biyayya ka zauna cikin wahala, ka bijire ka yi kyau ka yi dariya. Na rubuta rahoto, na sake kwafe shi da biro, na ja layi a ƙarƙashin kowane kai.

Ranar Laraba bayan la'asar aka taru. Malam Barau na zaune a kan buzu kusa da mai unguwa. Mamman na gefe a tsugune, fenti a yatsunsa. Direbobi sun zo da yawa, Idi a gaba. Na ajiye littafin a tsakiyar tabarma kamar kayan sata da aka kama, na gyara hula, na fara.

Laifi na ɗaya zuwa na huɗu duk a kan tarbiyya ne, kuma na ga kawuna na gyaɗawa. Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi, ya shure kwanon uba?" Na ce da ƙafar dama ma kuwa. Mamman ya ɗaga yatsa, na ce masa ba a zo kansa ba. Ya sauke.

Daga na biyar na shiga ingancin zanen kansa, don in rufe bakin masu cewa gwaninta ce. A nan ne na fi jin daɗin kaina. Na ce mai zanen nan ko lura ba ya da ita. Yaro yana da tabo a kumatu tun daga farko, da aka kai tsakiya ya manta da shi, fuska ta koma sumul. Tsoho ya fara da sanda da furfura, a ƙarshe ga shi a miƙe, gashi ya yi baƙi. Bishiyar da ke ƙofar gida ta fara da inuwa ta ƙare a dashe. Kare kuwa, jama'a, ƙaton kare, kullum ƙanƙancewa yake yi har ya koma ɗan kwikwiyo. Na ce ko dai sakaci ne, ko kuma sihiri ake tallatawa, kuma duka biyun babu na ɗauka.

A nan na ji wani sauti daga wajen Idi, kamar an taka tayar da ke sace iska. Ya cusa fuska a cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka nadama ce.

Ina cikin karanta na takwas, wato maganar lambobin shafi, sai Malam Barau ya miƙa hannu ya ɗauki littafin. Ya gyara tabarau, ya buɗe shi ta dama, yadda ya saba buɗe littattafansa na zaure. Ya riƙa juya shafi a hankali, yana lasar yatsa. Na kai ƙarshen na tara, na ce saboda haka shawarata ita ce a tashi rumfar. Na ninke takarda, na tsaya ina jiran a ce an gode.

Malam bai ɗago ba. Can ya ce, "Sakatare, wanga yaro ai tuba ya yi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wane yaro?"

"Mai gashin nan. Ga shi ya shure kwano, ya tafi yawon banza, duniya ta koya mashi hankali, an tsaga mashi kumatu. Ga shi ya dawo ya iske tsohon ya manyanta. Ya yi aski, ya durƙusa. Har kwikwiyon ya girma bai gane shi ba, dibi yadda yake mashi haushi."

Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ban yi ba. Na matsa kusa, na sunkuya, na ce da muryar da kowa zai ji, cikin girmamawa irin ta mai gyara wa babba, "Allah gafarta Malam, ai a juye ka riƙe shi. Wannan littafin boko ne, ta nan ake farawa." Har na sa hannu na juya masa shi.

Malam ya dubi littafin, ya dube ni, sannan ya dubi Mamman. Ya ce, "Kai mai abu, ta ina ake buɗe shi?"

Mamman ya dube ni tukuna. Ya ce, "An zo kaina?"

Mai unguwa ya ce, "An zo."

Ya ce, "Malam daidai ya buɗe. Mutanen Japan ta dama suke fara littafinsu, kamar na Arabiyya. Da aka fassara ba a juya shi ba. Shafin nan mai tafin hannu da Mushe Sakatare ya fara da shi, cewa yake: tsaya, nan ƙarshe ne, koma ɗaya gefen."

Kafin in gama fahimta, dariya ta ɓarke. Idi ne ya fara. Ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki, yana cewa, "Kare ya koma kwikwiyo. Wayyo, ku riƙe ni. Sakatare, da littafin ya ƙara shafi goma ai da tsohon ya koma goyo." Wanda ya yi subhanallahi ɗazu shi ya fi kowa dariya. Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawani, yana tari na ƙarya. Ni kuwa ina tsaye da takarda mai layi a ƙarƙashin kowane kai. Mako guda na yi ina bin labarin tuba da baya, na mai da shi labarin ɓata, na kuma nemi a raba magidanci da sana'arsa a kan haka.

Malam Barau ya ce, cikin sanyin nan nasa, "Ashe rashin zuwa boko ma yana da ranarsa." Wannan ta fi dariyar Idi zafi.

Na so in ce ciwon kai ya kama ni in tafi gida. Amma rahoto ne na kawo, rahoton kuma ƙarya ne, kuma ba zan bar shi a littafin kwamiti haka ba. Na jira dariya ta lafa, na ce ina neman abu uku. Na ɗaya, a soke rahoton. Na biyu, a ba ni kwana uku in sake karantawa. Na uku, Mamman ya yafe mini. Na faɗi na ukun ina kallon tabarma.

Mamman ya ce, "Ba komai, Mushe. Sai dai ka zo da abin goge fensir."

Haka na yi. Kwana uku ina zuwa rumfar da na nemi a tasa, ina zaune a bencin da na tsawata wa Idi a kai, ina goge lambobina ɗaya bayan ɗaya, Mamman na fassara mini Faransancin yana haɗa fenti. Direbobi suka mai da ni abin kallo, har aka kashe talabijin. Duk shafin da na juya sai wani ya ce, "Sakatare, karen yana girma ko?" In ce yana girma. Ban ɗaga kai ba, ban kuma fasa ba.

A nan ne na ga abin da suke gani. Akwai wani shafi kusa da ƙarshe, ƙarshen gaskiya, wanda babu ko kalma ɗaya a cikinsa. Ruwan sama na zuba a gonar shinkafa, an ja shi da siraran layuka, kowane a karkace daidai da ɗan'uwansa. Yaron na durƙushe cikin laka. Ba a nuna fuskar tsohon ba, hannunsa kawai aka zana, jijiyoyi a tashe, ya tsaya a iska tsakanin mari da dafa kai. Sai ka juya shafi kafin ka san wanne ya yi. A karatuna na farko na riga na ga dafawar kafin in ga hannun, don haka ban ji komai ba, na sa masa lamba na wuce. Wannan karon na daɗe ban juya ba.

Mamman ya ce, "Ka ga layukan ruwan nan? Wata uku na yi ina koyonsu a bayan motar wani Alhaji, har yau nawa ba su jiƙa mutum."

Idi ya ce, "Shi ya sa nike ce maku tsohon zane ya fi. Na yanzu da sun watsa shuɗi sun ce ruwa ne."

Wani matashin direba ya ce tsofaffin barci suke sa shi, gardama ta tashi, ni dai na ci gaba da gogewa. Ana cikin haka aka aiko daga tasha cewa motoci sun taru ba mai kira. Na ce a ce ina zuwa, saura shafi biyu. Idi ya dube ni bai ce komai ba, kuma wannan shi ne alheri guda da ya taɓa yi mini.

Rahotona na biyu gajere ne. Na ce littafin da na duba labarin tuba ne da biyayya ga iyaye, zanensa na gwani ne, kuma ban ga dalilin tashin rumfa ba. Na ce sauran littattafan da faya-fayan ban gan su ba, don haka ba ni da ta cewa a kansu, sai an duba kowane da kansa, domin Mamman ma ya ce akwai waɗanda shi da kansa yake mayarwa Yamai. Kwamiti ya amince, da sharaɗin a kashe talabijin lokacin salla, kuma duk wanda aka kira motarsa ya ajiye littafi. Rumfa ta tsaya. Mamman ya yi shekaru a wurin, har babban ɗansa ya karɓi tsanin.

Yanzu masu kallon abin a waya suke kallo, kuma na ji waɗanda a da ake kira sababbi su ne yau ake kira tsofaffi masu daraja. Matashin nan da ya ce barci suke sa shi, shi ne yanzu ke yi wa 'yan baya faɗa cewa ba su san zane ba. Idi ya ajiye tuƙi, gemu ya yi fari, amma bai bar ni ba. Duk inda muka haɗu, ko a wurin suna ko a jana'iza, sai ya miƙo hannu ya fara da "To Sakatare, sai an jima, a gaida gida," ya bi ta lafiyar iyali da gajiya, ya ƙare da "salamu alaikum", sannan ya tafi. Ni kuma in amsa masa kowace a inda ta faɗo, don musu ba zai yi mini amfani ba.

Har yau ina son tsari, kuma ba zan daina ba. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne, mutum na iya bin abu daki-daki, bai tsallake ko ɗaya ba, ya kuma isa inda bai dace ba, in tun farko ta ƙarshe ya shiga. Don haka yanzu duk wanda ya kawo mini takarda, ko ƙarar maƙwabci, ko rigimar mata da miji, kafin in ɗauki biro sai in tambaye shi ta wane gefe ake buɗe ta. Kuma idan ya fara ba ni amsa, ina bari ya gama.